Janti 17 a Corollar Yaya, da abin da sikelin mai awon gyaɗa ya nuna mana

Wannan lamarin na motar yayana ne, kuma na ga gara in rubuta shi daga farko har ƙarshe tunda cikin wata biyu mutum uku suka zo garajinmu da magana iri ɗaya, wai za su sa jantin alminiyam mota ta yi rashin nauyi ta ƙara gudu ta rage shan esansi, wato fetur. Shekarata ta takwas ke nan ina ƙarƙashin maigidana nan Damagaram, kuma ni kaina kafin wannan abin haka na ɗauka, in an ce alminiyam to an gama magana. Janti dai shi ne ƙarfen da taya ke hawa, wanda mutanen Kano ke ce ma wili ko rim.

Motar Corolla ce ta 2006 ƙirar Amurka, ta Kwatano ta shigo, injin 1.8, ta zo da jantinta na ƙarfe lamba 15, wato inci 15, mai noti biyar, taya 195/65 R15. Yaya ɗan kasuwa ne, shagonsa na wajen kasuwar Dole, kuma motar ba ta ado ba ce, ita ke kai shi Matamai da Magarya, wata sa'a Mirya, sannan kusan duk wata sai ya je Kano ta Takeita da Matamai da Ɗan Barto ya faɗa Daura. Wanda ya san hanyoyin nan ya san akwai inda kwalta take sumul, akwai inda ramu ke jiranka bayan damina, sannan in ka sauka ka shiga ƙauye burji ne mai kunya-kunya kamar gonar gero, cikin gari kuma ga yashin lunguna ga duwatsu. But ɗinta kuwa ba ya rabo da kaya, in ba katan ba buhu.

Ana sauran ƴan kwanaki babbar salla ya dawo daga Kano mota ta canja kama. Janti 17 masu ƙyalli, tsinke goma goma, taya siririya 215/45 R17, ya ce mai shagon ya gaya masa ai wannan alminiyam ne, bai kai rabin nauyin ƙarfe ba, irin wanda ake sa ma motocin tsere. Tsofaffin jantin ƙarfen ma da har zai bar su can, yaron motarsa ne ya ce a ɗauko ko a sayar a gida, Allah ya saka ma yaron nan da alheri don ba don shi ba da ba mu da abin gwadawa. Gaskiya motar ta yi kyau, ni ma da na gan ta ƙofar gida sai da na zagaya ta sau biyu. Maigidana kuwa da ya gani sai ya duƙa ya danna gefen tayar da babban yatsa ya miƙe bai ce komai ba, ashe shi tun a nan ya gama lissafinsa.

In za a yi adalci, satin farko Yaya bai yi ƙarya ba da ya ce mota ta ƙara jin magana. Na karɓe ta na yi hanyar Tanut da ita inda kwalta ke da kyau, kana taɓa bolan, wato sitiyari, take juyawa, a kwana ba ta yin wannan lanƙwasar kamar za ta kwanta. Wannan gaskiya ne kuma yana da dalili, taya mai gajeren gefe ba ta lauyewa sosai in ka shiga kwana, kuma faɗin 215 ya fi 195 kama ƙasa. Sai dai ku lura, duk wannan aikin taya ne, ba ruwansa da alminiyam ko rashin nauyi. Mu a lokacin mun haɗa su wuri ɗaya muna ta yabon janti.

Ba a yi wata ba ƙorafi ya fara. Na farko bolan na rawa in an kai 90 zuwa 110, aka kai aka yi balansi har sau biyu bai daina ba. Na biyu a burji motar ta koma kamar amalanke, kowane ɗan dutse sai ka ji shi a ƙugunka, uwargidansa ta ce ita ba za ta ƙara shiga ta je biki ƙauye da ita ba. Na uku in an loda but aka hau tudun rage gudu sai ka ji tayar baya ta goga jikin mota, ƙuuu. Na huɗu, shi Yaya mutum ne mai rubuta komai a ɗan littafi, ya ce tafiyar Kano zuwa da dawowa da yake yi da lita 36 yanzu sai ya sha 39. Wanda kuma ya fi ba ni tsoro shi ne abin da yaron motar ya faɗa, wai a hanya mai kunya-kunya in ya taka birki sai motar ta riƙa tsalle-tsalle tana zamewa gefe kafin ta tsaya, abin da ba ta yi da.

Ƙarshenta wata ranar kasuwa suna dawowa daga Magarya bayan magariba ya faɗa wani rami da bai gani ba, ba ma da wani mugun gudu ba, tayar gaba ta dama ta sace nan take. Mai faci ya cire ya duba ya ce Alhaji tayarka ta tsage a gefe amma ba ita kaɗai ba ce, jantin ne ya dare. Tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa a leɓen ciki. Da safeya suka lallaɓo gida, washegari da safe mota na garajinmu.

Yaya ya zo da niyyar a yi masa walda ya ci gaba da harkarsa. Maigida ya ce, Alhaji ka yi haƙuri ka ba ni awa ɗaya tukuna, ya aike ni wajen maƙwabcinmu mai awon gyaɗa da wake na aro sikelinsa, ya sa aka ɗauko tsofaffin jantin daga gida. Muka cire tayoyi muka auna kowanne tsirara. Na ƙarfe lamba 15, kilo 8 da giram 600. Na alminiyam lamba 17, kilo 10 da giram 900. Yaya ya ce sikelin nan ya lalace, aka ɗora dutsen awo na kilo 5 ya nuna 5 cif. Aka auna tayoyin su ma, tsohuwar kilo 8 da rabi, sabuwar kilo 9 da giram 600. Wato kowace ƙafa ta tashi daga kilo 17 da ɗan kai ta koma 20 da rabi, ƙarin kilo 3 da giram 400 ke nan a ƙafa ɗaya, a huɗun sama da kilo 13 da rabi. Mutumin da ya biya kuɗi don a rage masa nauyi ashe nauyi ya sayo. Ya yi shiru yana kallon allurar sikelin, can ya ce, to wai ba alminiyam ba ne? Maigida ya ce alminiyam ne mana Alhaji, ba a yi maka ƙarya a nan ba.

A nan ne mutane ke ruɗewa, kuma ni ma sai da na koma littafin da muka yi karatu da shi na sake dubawa. Alminiyam ya fi ƙarfe rashin nauyi ƙwarai, in ka yanko gunduwa biyu masu girma ɗaya, in na ƙarfe ya yi kilo 7.8 na alminiyam 2.7 zai yi, kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma kuma wajen tauri, wato ƙin lanƙwasa, shi ma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe yake da shi, shi ya sa dole a yi shi da kauri. Jantin ƙarfe falle ne siriri aka matse a inji aka haɗa da walda, na alminiyam kuwa akasari narkawa ake a zuba a ma'auni kamar yadda masu tukunyar dalma ke yi, ya fito da kauri. To in girmansu ɗaya kuma masu ƙirar sun san aikinsu, na alminiyam zai fi sauƙi da kilo ɗaya ko biyu, ba rabi ba. In kuwa ka ƙara masa inci biyu a tsayi da inci ɗaya a faɗi, sannan ga shi zubi ne na araha da aka cika masa tsoka don ado, to sai ya wuce ƙarfen. Masu sauƙin gaske su ne waɗanda ba zuba su aka yi ba, dunƙulen alminiyam ake dannewa da injin mai ƙarfin dubban tan har ya ɗauki siffa, irin wanda Porsche ta sa ma 911S tun 1966, amma kuɗin saiti ɗaya na irin waɗannan zai iya kusan sayen rabin motar Yaya. Abin ma ba sabo ba ne, tun 1924 Bugatti ta sa jantin alminiyam a motarta ta tsere, mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce motocin tsere na sawa, sai dai ba irin nasa ba.

Yaya ya ce to ai kilo 13 ba wani abu ba ne, ni da nake sa buhun kilo 50 a but mota ba ta ko sani ba. Amsar da maigida ya ba shi ita ce ta zauna mini a kai har yau. Ya ce Alhaji ɗauki dutsen kilo uku ka ɗora ma jaki a baya, bai san ka yi ba, amma ɗaura masa shi a kowace ƙafa ka ga yadda zai yi tafiya. Mota kashi biyu ce. Akwai abin da ke zaune bisa rosor, wato sufirin da ke ɗauke da mota, jiki da inji da mutane da buhunka, akwai kuma abin da ke ƙasan rosor, taya da janti da birki da rulma (boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kai), wanda a ƙaramar mota irin wannan ƙafar gaba ɗaya ba ta rasa kilo 35 zuwa 45. Duk sanda taya ta hau tudu wannan ƙullin ne ke yin sama, aikin rosor da amortisa, wato shoka mai kashe tsalle, su tare shi su maido shi ƙasa da sauri. In ya yi nauyi sai ya tashi da ƙarfi ya daki jikin mota, shi ne jijjigar da uwargida ke kuka da ita, kuma ya yi jinkirin dawowa. Tayar da ke iska kuwa ba ta birki ba ta juya mota. A kwalta mai laushi ba za ka taɓa ganewa ba, amma a kunya-kunya inda taya ke hawa da sauka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, a nan ne yaron motar ya ji tana zamewa. Kilo 3 da giram 400 a kan kilo 40 kashi 8 da rabi cikin ɗari ne, kuma amortisan motar da ma sun tsufa, aka ƙara musu aiki.

Akwai kuma maganar juyawa. Janti ba tafiya gaba kawai yake ba, yana kuma wulwulawa, inji sai ya biya kuɗin duka biyun. Kamar majajjawa ne, in dutsen na can ƙarshen igiya ya fi wuyar tayarwa ya fi wuyar tsayarwa, kuma a janti 17 leɓen mai nauyi ya ƙara nisa da tsakiya. Shi ya sa kilo ɗaya a ƙafa yake zama kamar kilo ɗaya da rabi, in ma a bakin taya yake har kusan biyu. Amma a nan sai mu faɗi gaskiya, don masu tallar janti a nan suke zuzutawa. Kilo 13 da rabi ko ka ninka shi biyu 27 ne, motar kuma ta haura kilo 1100 ba kowa ciki, wato kashi 2 da ɗan abu cikin ɗari, kuma sai lokacin tashi da tsayawa yake aiki. A doguwar hanya kana tafiya da gudu ɗaya nauyin juyawa ba ya cin komai. Don haka lita ukun da Yaya ya gani a littafinsa, a nawa ganin mafi yawansu faɗin tayar ne ya sha su, taya mai faɗi ta fi jan ƙasa ta fi tare iska.

Sauran ƙorafin kuwa da muka bi su ɗaya ɗaya ba su da alaƙa da nauyi sam. Gefen tsohuwar taya kashi 65 cikin ɗari na 195 ne, santimita 12.7 ke nan, na sabuwar kashi 45 na 215, santimita 9.7. Santimita uku na roba da iska aka cire tsakanin janti da bakin rami, shi ya sa ramin da tsohuwar taya za ta haɗiye ya isa ga ƙarfe. Kuma a yashi ba ka da halin rage iska ka wuce kamar yadda direbobinmu ke yi, don kana ragewa janti ya zauna ƙasa. Rawar bolan kuma, ramin tsakiyar jantin Toyota milimita 54.1 ne, yana zama daidai a kan cibiyar ƙafa, na sabon kuwa 73.1 ne don an yi shi ya shiga motoci iri iri, ana sa masa ɗan zobe ya cike gurbin, to ba a sa ba, ko ma ba a ba shi ba. Kowane ɗauri jantin na zama ɗan karkace, ka yi balansi sau goma ba zai daina ba. Gugar baya ita ma a bayan jantin muka karanta dalilinta, an rubuta ET35 da faɗi inci 7, na asali kuwa 45 ne da faɗi inci 6, ET ɗin nan milimita ne, yana raguwa janti na ƙara fitowa waje, in ka haɗa sai ka ga leɓen waje ya fito sama da santimita 2. Har agogon kilomita ya taɓu, don tsayin sabuwar ƙafar gaba ɗaya milimita 625 ne maimakon 634, yana ƙara maka kusan kilomita ɗaya da rabi a kowane ɗari, ba wani abu ba ne amma dai a sani.

Walda kuwa maigida ya ƙi. Ya ce jantin ƙarfe in ya daki rami lotsewa yake, ka ba mai faci na bakin hanya guduma ya buga ya miƙe ka kai gida, na zubi kuwa darewa yake, kuma bayan an zuba shi ana gasa shi a wuta da ƙa'ida ne ya samu ƙarfinsa, kana kai masa wutar walda wurin ya yi laushi. Akwai masu yi a gari kuma wani yana riƙewa, amma shi ba zai sa hannunsa a ƙafar gaba ta motar da ke ɗaukar iyali ba. Yaya ya ɗan yi fushi, ya ce Baba kuɗina fa, maigida ya ce na sani Alhaji, kuɗin ne dai.

Ni na so a maida na ƙarfen kawai a huta. Yaya ya ce shi kam bayan mutane sun gan shi da ƙyalli ba zai koma baƙin janti ba, a yi masa dariya a kasuwa. Sai aka tsaya a tsakiya, aka yi cigiya wajen masu kayan gwanjo har aka samu jantin alminiyam na Toyota na asali lamba 15 faɗi 6, cirar wata Corolla, muka duba bayansu da tambarin JWL na gwajin Japan, muka juya kowanne a inji muka tabbatar ba lanƙwasa ba tsaga ba alamar walda. Sikelin mai gyaɗa ya sake zuwa, kilo 7 da giram 400. Wato ya fi na ƙarfe sauƙi da kilo 1 da giram 200, in kuma aka haɗa da taya ya fi saitin 17 sauƙi da kilo 4 da giram 600 a kowace ƙafa. Wani abin da ya kusa shige mana, jantin alminiyam na Toyota notinsa daban ne, mai ɗan faifan ƙarfe a jiki da gindi shimfiɗaɗɗe, ba mai tsinin nan na jantin ƙarfe ba, in ka ɗaura da wanda bai dace ba yana cin ramin kuma yana kwancewa a hanya, sai da muka nemo guda 20. Ɗaurin ma ba na hawa kan kile, wato sifana, da ƙafa ba ne yadda yara ke yi, 103 Nm ne ma'aunin ƙarfin ɗauri na Toyota, da kile mai awo muka ɗaure a gicciye, muka ce ya dawo bayan kilomita 100 a sake bi. Aka sa taya 195/65, iska bar 2.1, aka canja amortisan gaba tunda ɗaya ya fara zubar da mai.

Yanzu wata biyar ke nan. Rawar bolan ta tafi tun ranar, guga ta tafi, a burji motar ta natsu, yaron motar ya ce birki na kamawa ba tsalle. In aka gwada da lokacin 17 bambancin a fili yake. In kuma aka gwada da jantin ƙarfe na farko, to ni da na tuƙa duka ukun zan ce akwai ɗan sauƙi a ƙananan ramuka da bakin kwalta, ƙafar na bin ƙasa da kyau, amma ba zan rantse a kan nawa ne na janti nawa ne na sabon amortisa ba tunda rana ɗaya aka sa su, wannan kuskurenmu ne, da mun raba su da sati guda. Gudu da tashi kam ban ji komai ba, kilo 5 ba ya sa Corolla ta zama wata mota. Maganar da ake yi cewa alminiyam na sanyaya birki gaskiya ce, ya fi ƙarfe jan zafi kusan ninki uku kuma tsinkayensa na barin iska ta shiga, sai dai mu nan ƙasarmu shimfiɗe take ba mu da gangaren da za ka yi minti goma ƙafarka na kan birki, ko a zafin watan Afrilu ban ga inda ya nuna ba. Littafin Yaya kuma ya koma lita 36, sau ɗaya 35, shi ya ce janti ne, ni na ce ranar iska na bayansa.

Abin da ya rasa shi ne wannan kaifin bolan na satin farko, kuma yana faɗa, in muka hau kwalta mai kyau sai ya ce kai ƙane, 17 ɗin nan fa akwai daɗi. Jantin 17 ukun da suka rage wani yaro mai shagon waya ya saye su da sauƙi, ya ce zai nemo na huɗu, motarsa ba ta fita gari. Na gaya masa maganar zoben tsakiya har na rubuta masa lambar a takarda, 73.1 zuwa 54.1, shekaranjiya na gan shi wajen Zango ya wuce, ban samu na tambaye shi ko ya sa ba.